Yadda Za Ka Bi Diddigin Ɗan Majalisarka Daga Saudiyya: Me Ya Faɗa, Ina Ya Tsaya

Ɗan Najeriya da ke zaune a Makka, Madina, Jidda ko Riyad ba shi da ƙuri'a sai ya yanki tikiti ya koma gida. An kawo ƙudirin ba mazauna ƙetare damar yin zaɓe lokacin gyaran kundin tsarin mulki, ranar 1 ga Maris 2022, majalisar dattawa da ta wakilai duk suka kayar da shi. Amma rashin ƙuri'a bai hana mu baki ba. Wanda yake turo kuɗin cefane da na makarantar yara, shi ake kira idan zaɓe ya matso a ce, "Yaya, wa za mu yi?" Matsalar ita ce amsar da yawancinmu ke bayarwa ba ta wuce abu biyu: wane ya raba riyal da ya zo Umra, wane ya ba malaminmu kujerar Makka. Wannan kyauta ce, Allah ya ba shi lada idan da halalinsa ya yi. Aikin da aka tura shi Abuja ya yi daban ne, kuma ana iya gano shi daga ɗakinka da wayar hannu, sai dai akwai wahala, don majalisar Najeriya ba ta cika barin sawu ba. Ba za ka tarar da wani shafi guda da aka jera maka ƙuri'un kowa ba. Kai za ka haɗa da kanka.

Wanda ya daɗe a nan kada ya auna majalisar Najeriya da majalisar Shura ta Saudiyya. Ita mambobinta 150 ne, Sarki ke naɗa su na shekara 4, akwai mata 30 a ciki tun 2013, kuma shawara suke bayarwa. Ta Abuja zaɓar ta ake yi, ita ke yin doka, ita ke amincewa da kasafin kuɗi, saboda haka kana da hurumin tambayar kowane ɗaya daga cikinsu abin da ya yi da sunanka.

Da farko, san waye naka

Mutum uku ne ke wakiltarka: sanata, ɗan majalisar wakilai, da ɗan majalisar dokokin jiha. Sanatoci 109 ne, kowace jiha 3, Abuja 1. 'Yan majalisar wakilai 360 ne, Kano kaɗai tana da 24. Wata mazaɓar ƙaramar hukuma ɗaya ce, kamar Fagge ko Dala, wata kuma an haɗa biyu ko fiye, kamar Doguwa da Tudun Wada. Shiga shafin majalisa, nass.gov.ng, ka nemo cikakken sunansa yadda yake rubuta shi da boko, da ainihin sunan mazaɓar. Laƙabin da ake kiransa da shi a gari ba zai fito maka da komai a takardun majalisa ba. Ka kuma rubuta shekarar da ya fara shiga da jam'iyyar da ta kai shi, ko da ya sauya sheƙa daga baya. Majalisa ta 10 an rantsar da ita ranar 13 ga Yuni 2023, ta 9 kuma daga 2019 zuwa 2023. Duk bincikenka da waɗannan zangunan zai tafi.

Fasfo, shige da fice, hulɗa da ƙasashen waje da sha'anin kuɗin ƙasa duk na tarayya ne, don haka sanata da ɗan majalisar wakilai za ka tambaya. Firamaren unguwarku da kasuwar ƙauye kuwa, jiha da ƙaramar hukuma za ka nufa.

Sai ka fahimci ƙuri'ar murya, don a nan gizo ke saƙar

Yawancin abin da majalisa ke yankewa da murya ake yi. Shugaban zama ya ce masu goyon baya su amsa, su ɗaga murya tare. Ya ce masu adawa su amsa, su ma su ɗaga. Sai ya faɗi ɓangaren da kunnensa ya ce ya fi ƙarfi, ya buga guduma. Ba a ƙirga kowa, ba a rubuta sunan kowa. Gobe ɗan majalisa zai iya zuwa gidan rediyo ya rantse cewa shi ƙin amincewa ya yi, kuma babu takardar da za ta ƙaryata shi.

Ba ƙananan batutuwa kaɗai ake yi wa haka ba. Ranar 18 ga Maris 2025 Shugaba Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci a jihar Ribas, ya dakatar da Gwamna Siminalayi Fubara na wata 6. Sashe na 305 na kundin tsarin mulki ya ce sai kashi biyu bisa uku na dukkan mambobin kowace majalisa sun amince. Ranar 20 ga watan, majalisun biyu suka amince da ƙuri'ar murya. Yadda kunne zai tantance kashi biyu bisa uku na mutum 360, wannan sai mai gudumar. A ganina wannan al'ada ita ce babbar mafakar ɗan majalisar da ba ya son a san inda ya tsaya, kuma shi ya sa sauran matakan nan suka zama dole.

Ka nemo ranakun da aka kira suna

Akwai lokutan da ƙa'ida ko rigima ke tilasta a ƙirga. Ɗaya shi ne gyaran kundin tsarin mulki, wanda sashe na 9 ya ce sai da kashi biyu bisa uku na kowace majalisa, sannan majalisun dokokin jihohi 24 su amince. Na biyu, idan majalisa za ta tsallake shugaban ƙasa bayan ya ƙi sa hannu a kan doka, kamar yadda aka yi wa Obasanjo a shekarar 2000 kan dokar hukumar raya yankin Neja Delta. Na uku, idan wani mamba ya ƙi yarda da hukuncin murya ya nemi a raba zaure a ƙirga ɗaya bayan ɗaya.

Misalin da ya fi kowanne amfani shi ne na 15 ga Yuli 2021. Ana muhawara kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura. Sanata Sabi Abdullahi na Neja ya kawo gyaran da ya ce INEC ba za ta yi hakan ba sai hukumar sadarwa ta NCC ta tabbatar akwai isasshen sabis, majalisa kuma ta amince. Jagoran marasa rinjaye na lokacin, Enyinnaya Abaribe, ya nemi a kira suna. Aka kira kowane sanata ya miƙe ya faɗa da bakinsa: 52 suka goyi bayan gyaran, 28 suka ƙi, 28 kuma ba sa cikin zauren. Jaridu sun buga sunayen kaf, har yanzu suna intanet. Idan sanatanka yana majalisa a lokacin, ka nemo shi a jerin ukun. Jerin na uku ma ka duba shi da kyau, don wanda ya ɓace a ranar da ake kiran suna ya riga ya gaya maka wani abu. Sannan ka bi labarin har ƙarshe: a watan Oktoba na shekarar majalisar ta janye wannan matsayi ta bar wa INEC wuƙa da nama, Buhari ya sa hannu a dokar zaɓen ranar 25 ga Fabrairu 2022. Wanda ya tsaya a labarin Yuli kaɗai zai yanke hukunci da rabin magana.

Wajen nema, rubuta sunansa da batun da shekarar a Google, da Turanci, don da shi ake gudanar da zaman. Ka buɗe jaridu biyu ko uku, irin su Daily Trust da Premium Times, ka gwama. Hoton jerin sunaye da aka turo a guruf ɗin WhatsApp ba hujja ba ne sai ka gan shi a inda ya fito.

Takardu uku na majalisa

Kowace ranar zama tana da takardu, kuma sunayensu za ka rubuta yadda suke kafin su fito maka. Order Paper ita ce jadawalin ranar: ƙudirorin da za a karanta da sunayen masu gabatar da su. Votes and Proceedings kuma taƙaitaccen bayanin abin da aka yanke ne, wa ya gabatar, wa ya mara baya, wane kwamiti aka miƙa wa. Sunanta na iya ruɗar ka ka zaci ƙuri'un kowa ne a ciki, alhali sakamako kawai take kawowa, sai ranar da aka ƙirga. Ta uku Hansard, wadda ke ɗauke da maganar kowa kalma da kalma. Ita ta fi daraja, ita kuma ta fi wuyar samu a kan lokaci. Cibiyar PLAC da ke Abuja tana tattara irin waɗannan takardu tana kuma bin sawun ƙudirori, OrderPaper Nigeria kuma tana fitar da rahoton aikin kowane mamba. Sau da yawa sun fi shafin majalisar saurin sabuntawa.

Yawan ƙudiri ba shi ne aiki ba

A nan hadiman 'yan siyasa suka fi cin kasuwa. Za ka ga fosta: Honorabul ya gabatar da ƙudirori 30. To, ka tsaya ka rarrabe. Akwai ƙudirin doka, mai lamba da ke farawa da SB a majalisar dattawa ko HB a ta wakilai. Akwai kuma moshan, wanda jan hankali ne kawai: majalisa ta yi kira ga gwamnati ta kai agaji garin da ambaliya ta ci, ko ta tura jami'an tsaro wata hanya. Ko an amince da moshan, bai zama dole gwamnati ta aiwatar ba. Yana da amfaninsa, don yana sa sunan garinku ya shiga kunnen hukuma, amma ba doka ba ne.

Shi ma ƙudirin doka ka duba inda ya kai. Karatu na farko take kawai ake karantawa, babu muhawara, ko minti guda ba ya ci. Karatu na biyu ne ake tafka muhawara kan manufarsa, sannan a miƙa wa kwamiti, kwamiti ya saurari ra'ayin jama'a ya dawo da rahoto, a bi shi sashe-sashe, a yi karatu na uku. Daga nan sai ɗaya majalisar ta amince da irinsa, sannan ya tafi wurin shugaban ƙasa, wanda sashe na 58 ya ba shi kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Ƙudirin da wa'adin majalisa ya ƙare bai kammala ba, sai an sake tayar da shi a sabuwa. Saboda haka mai ƙudiri 30 da duk suka kwanta a karatu na farko bai kai mai guda ɗaya da ya zama doka ba. Dokar rage shekarun tsayawa takara da aka sa wa hannu ranar 31 ga Mayu 2018, Tony Nwulu ne ya ɗauke ta a majalisar wakilai, Abdul'aziz Nyako a ta dattawa. Dokar kafa hukumar raya Arewa maso Yamma ta 2024 kuma Barau Jibrin ne ya gabatar. Irin wannan ake kira an kai gaci.

Ka kuma karanta taken ƙudirorin. Idan duk na kafa kwaleji ne da asibitin tarayya a garinsu, ka san mutumin naka mai neman rabo ne ga mazaɓa, ba laifi ba ne, amma ba ka san ra'ayinsa kan haraji, tsaro ko ilimi ba tukuna.

Saurari bakinsa, a zaure da kuma a gida

Majalisa tana zama Talata, Laraba da Alhamis, galibi wajen ƙarfe 11 na safe agogon Najeriya, wato ƙarfe 1 na rana a nan, bayan azahar kenan. Ana nuna zaman kai tsaye a YouTube, kuma bidiyon yana nan ko da daddare ka taso daga aiki. Ba sai ka kalli awa huɗu ba. Duba jadawalin ranar, ka ja bidiyon zuwa batun da ya dame ka, ka ga ko naka ya miƙe.

Sannan ka nemo abin da ya faɗa da Hausa, a BBC Hausa ko Freedom Radio ko shafinsa na Facebook, don nan ne suka fi sakin baki. A hirar BBC Hausa ne Sanata Abdul Ningi ya yi zargin cewa akwai naira tiriliyan 3.7 a kasafin 2024 da ba a ga ayyukan da aka jingina su da su ba, majalisa ta dakatar da shi na wata 3 a watan Maris na shekarar. A BBC Hausa ne kuma Sanata Kawu Sumaila ya ce a watan Agusta 2024 naira miliyan 21 ke shigo masa duk wata na gudanar da ofis.

Ƙudirorin haraji guda 4 da Tinubu ya aika a Oktoba 2024 ma'auni ne mai kyau ga ɗan majalisar Arewa. Gwamnonin Arewa sun yi adawa da tsarin rabon harajin VAT da aka zo da shi, wanda zai ba da kashi 60 bisa inda aka samo kuɗin. Sanata Ali Ndume ya fito fili ya soki ƙudirorin a zaure da wajensa. Daga ƙarshe aka bar harajin a kashi 7.5, aka sauko da wancan kason zuwa 30, aka sa hannu ranar 26 ga Yuni 2025. Tun da ba a kira suna ba, abin da ya rage maka shi ne maganarsa: me ya ce a Nuwamba lokacin da gari ya ɗau zafi, me ya ce bayan an yi gyara, kuma ya bayyana dalilin sauyin ko shiru ya yi? Sauya ra'ayi bayan an gyara ƙudiri ba aibu ba ne. Wanda yake faɗin abu ɗaya a rediyon Kano, ya faɗi kishiyarsa a Abuja a mako guda, shi ne abin lura.

Samu littafi ko buɗe wuri a waya, kowane layi ka sa abu biyar: kwanan wata, batu, abin da ya faɗa, abin da ya yi, da inda ka gani. Idan ba ka samu komai ba, rubuta "ban ga ya yi magana ba". Kada ka rubuta "bai yi magana ba", don ba ɗaya ba ne.

Kwamiti da kasafi

Aikin gaske a kwamiti ake yinsa, kuma wani mamba mai shiru a zaure ƙwaro ne a can. Gano kwamitocin da yake ciki. Waɗanda suka fi shafar mu su ne na harkokin waje, na mazauna ƙetare, na cikin gida mai kula da fasfo, da na alhazai a majalisar wakilai, wanda ke sa ido kan NAHCON, hukumar alhazai da dokar 2006 ta kafa. Idan naka yana ɗaya daga cikin waɗannan, tambayar kuɗin kujera, jinkirin fasfo ko halin waɗanda ke tsare ana jiran a kwashe su gida ta hau kansa kai tsaye.

Ayyukan mazaɓu kuma an daɗe ana ware musu naira biliyan 100 a shekara, ban da waɗanda ake cusawa a kasafin ma'aikatu. Sauke takardar kasafin daga shafin ofishin kasafi na tarayya, ka nemi sunan garinku ko mazaɓarku a ciki. Kada ka yi mamaki idan ka tarar da fitilun kan titi na unguwarku a ƙarƙashin wata cibiyar binciken noma da ke wata jiha, haka ake yi. Ka ɗauki sunan aikin da kuɗinsa, ka tura wa ƙaninka ya je ya ɗauko maka hoto. Tracka, ta ƙungiyar BudgIT, tana wannan aikin, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ma tana bin ayyukan mazaɓu tun 2019. Sai dai ka yi adalci: sa aiki a kasafi daban, sakin kuɗinsa daban, kuma sakin ba a hannun ɗan majalisa yake ba.

Halartar zama ita ce ta fi wuyar tabbatarwa, don ba a saba wallafa rajistar ba. Kundin tsarin mulki ya ce kowace majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, wanda kuma ya yi fashin fiye da kashi ɗaya bisa uku babu ƙwaƙƙwaran dalili zai iya rasa kujerarsa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar rubuta wa akawun majalisa ya nema, ba tare da faɗin dalili ba, kuma kwana 7 ta ba su su amsa. Wani na gida ya kai takardar hannu da hannu, ya karɓo kwafi mai hatimi.

Idan ya zo Umra

Goman ƙarshe na azumi, otal-otal na kusa da Harami cike suke da 'yan majalisa, 'yan unguwannin Shara Mansur da Misfala na Makka kuma sun san ƙofar kowanne. Idan ka samu ganinsa, kada ka tare shi a mataf, wato filin ɗawafi, ko yana hanyar salla, kada kuma ka tozarta shi gaban jama'arsa. Ku gaisa, ka faɗi garinku da gidanku, sannan tambaya ɗaya tak mai kwanan wata:

"Ranka ya daɗe, barka da ibada. Ranar da aka kayar da ƙudirin ba mu damar zaɓe daga nan, a Maris 2022, ina ka tsaya? Idan ya sake dawowa, ina za ka tsaya?"

Idan ya ce "Ai muna kan aiki, Alhaji," ko "Kwamiti na dubawa," sai ka ce, "Allah ya taimake ka, wane kwamiti ne, kuma mene ne lambar ƙudirin in bi?" Wanda ya san aikinsa zai faɗa ko ya sa hadiminsa ya turo maka. Wanda ya ce ya ƙi ne saboda yana ganin INEC ba ta shirya ba, ya ba ka amsa ta gaskiya ko da ba ta yi maka daɗi ba, ka rubuta ta. Wanda ya miƙo ambulan maimakon amsa, wannan ma ka rubuta.

Ka tuna ƙasar da kake. Saudiyya ba ta yarda da jam'iyya, gangami ko tara kuɗi ba da izini ba, kuma dokarta ta laifukan intanet tana hukunta ɓata suna. Karatu da tambaya cikin ladabi ba su da matsala, amma taron siyasa da fosta da zage-zage a TikTok na iya jawo wa igamarka, wato takardar izinin zamanka, abin da babu wani Honorabul da zai fitar da kai.

Abin da za ka yi da littafin

Wasu da sun fusata sai su ce a yi masa kiranye. Sashe na 69 ya tanadi haka, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. An gwada a kan Sanata Dino Melaye, ya rushe wajen tantance sa hannu a 2018. An gwada a kan Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan a 2025, INEC ta ce takardar ba ta cika adadi ba. Kai da kake nan ma ba ka da hannun sawa.

Lokacin da littafinka zai yi tasiri shi ne kafin zaɓen fidda gwani, sa'ad da 'yan takara ke zagayen neman deliget da dattawan gari. Tsamo layi biyar ko shida da ka fi tabbatarwa, har da waɗanda suka nuna ya yi abin kirki. Karanta su a saƙon murya da Hausa, kada ya wuce minti 3, kowane layi da kwanan watansa da inda aka samo shi, ka tura wa gida da guruf ɗin 'yan garinku. Idan hadiminsa ya musanta wani layi, ka nemi ya turo takardar ranar ko mintin bidiyon, ka gyara idan ya kawo.